Dalma ta ci amana, aka kama wasa: nazarin mutuwar katunan RTX 3090 na EVGA a 2021

Ranar 20 ga Yulin 2021 kamfanin Amazon ya buɗe gwajin sabon wasansa na intanet mai suna New World, galibi ga waɗanda suka biya kuɗinsa tun kafin ya fito. Kwana bai zagayo ba ƙorafi ya fara shigowa daga masu katin hoto, wato na'urar da ke zana hoto a sikirin kwamfuta, samfurin GeForce RTX 3090, kuma labarin kusan ɗaya ne a bakin kowa. Mutum yana zaune yana jiran layin shiga wasan, ko yana shafin saituna yana gyara haske da inuwa, sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, fankokin katin su tashi da iya ƙarfinsu, wani ma ya ce ya ji ƙara ɗas daga cikin akwatin. Ya kashe kwamfuta ya kunna, shiru. Sauran kayan lafiya lau, katin ne ya tafi. A kan wasu katunan, 'yar jar fitilar da ke kusa da masokin filogin wuta ce kaɗai take ci.

Yawancin waɗanda abin ya faɗa wa katin kamfani ɗaya ne a hannunsu, wato EVGA, kuma samfurin FTW3, ɗaya daga cikin manyan kayansa. Sai an tuna lokacin kafin a gane zafin abin. RTX 3090 ya fito a Satumbar 2020 a kan dala 1,499, na FTW3 ya ɗara haka, sannan a 2021 ko da kuɗi a hannu samun kati aiki ne. Annobar korona ta tsuke masana'antu, masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum da irin waɗannan katuna suna kwashe duk abin da ya fito, masu saye don sayarwa suna tsuga sama da dala 2,000 a eBay. Wanda katinsa ya mutu a wannan Yulin ba shi da kantin da zai shiga gobe ya ɗauki wani.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne yadda aka raba laifi a ƙarshe. Aibin daga masana'anta yake, EVGA ya amsa haka da bakinsa, amma ya fita daga rigimar da sunansa fes, wasu ma suka ƙara ganin girmansa. Wanda ya sha jifa shi ne Amazon, kuma har yau in aka ta da zancen, cewa ake yi wasan nan da ya kashe katuna.

Hannu nawa ne a kati ɗaya

Mai saye yana ganin suna ɗaya ko biyu a jikin kwali, alhali hannuwan da suka taɓa katin sun fi haka. Nvidia ne ya zana ƙwaƙwalwar katin, wadda ake kira GA102. Samsung ne ya ƙera ta. Ma'adanar bayanai mai gigabait 24 ta Micron ce. Aikin EVGA, kamar na ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac, shi ne ya sayi ƙwaƙwalwar daga Nvidia, ya zana fanel ɗin da za a ɗora ta, ya zaɓi kayan da za su ba ta wuta, ya haɗa mata fanka da ƙarfen sanyaya, ya sa sunansa, ya kuma ɗauki garanti. Haɗa kayan kansa a masana'antun kwangila ake yi. Daga nan kati ya faɗa cikin kwamfutar da na'urar ba ta wuta ta wani kamfani ce daban, yana gudanar da wasan da wasu suka rubuta ta hanyar manhajar direba ta Nvidia.

Idan irin wannan kaya ya mutu, mai shi ba shi da hanyar sanin wane hannu ne ya yi sake. Abin da ya sani shi ne abin da yake yi a lokacin da sikirin ya ɗauke. Shi ya sa tuhuma ta fara sauka kan New World.

Kuma Amazon ya zo da baƙin jini tun kafin wannan. Wasansa na baya, Crucible, ya fito a Mayun 2020, bai karɓu ba, aka mayar da shi gwaji, aka soke shi a Oktoba. New World shi ma an yi ta ɗaga ranar fitowarsa. Labarin cewa hamshaƙin kamfanin da bai iya wasa ba ya saki manhajar da ke ƙona kayan dala dubu biyu labari ne mai daɗin yaɗawa, kuma ya yaɗu a Reddit da Twitter da YouTube cikin sa'o'i.

Amazon ya fitar da bayani washegari. Ya ce mutane dubu ɗaruruwa sun shiga gwajin, wasan yana magana da kati ne ta hanyar DirectX, manhajar Microsoft da ke tsakanin wasa da kati, kamar sauran wasannin Windows, kuma bai ga alamar matsala mai yawa a katunan 3090 ba, ko a wannan gwajin ko a watannin gwajin da suka gabata. Duk da haka ya saki gyara wanda ya ƙayyade adadin hotunan da ake zanawa a daƙiƙa a shafin menu. Jama'a suka ɗauki gyaran a matsayin amsa laifi: in ba ka da hannu, me kake gyarawa?

Rashin ƙayyadewar sakaci ne, ba a musu. Shafin menu ba shi da nauyi, don haka idan ba a sa wa kati linzami ba zai yi ta zana hoto ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a daƙiƙa, aikin banza da wuta da zafi. Ba kuma sabon abu ba ne. A 2010 StarCraft II na Blizzard ya yi irin wannan, har kamfanin ya koya wa mutane layukan da za su ƙara a fayil ɗin saituna don rage gudun. Amma sakaci daban, sanadi daban. Katin zamani yana da iyakar wutar da aka yanka masa, yana da ma'aunin zafi, yana da da'irar da za ta katse wuta idan ta yi yawa. An yi su ne don kowace manhaja ta iya neman duk abin da take so, kati ya ba da iya abin da zai iya ba tare da ya halaka ba. Bokitin da gindinsa bai liƙu da kyau ba zai iya shekara yana ɗaukar rabin ruwa, ran da aka cika shi taf ya ɓalle, kuma ba wanda zai kai rijiya ƙara. Dubban katunan 3090 sun buga wannan menu ɗin ba abin da ya same su. Tun kafin New World ma akwai masu FTW3 da ke kukan katinsu ya mutu a tsofaffin wasanni marasa nauyi, sai dai kukan a warwatse yake, ba sunan wasa ɗaya da zai tara shi wuri guda.

Abin da EVGA ya yi

Cikin 'yan kwanaki EVGA ya tabbatar cewa zai musanya duk katin da ya mutu. Bai tsaya gardamar ko mai katin ya ƙara masa gudu ba, bai ce a je a tambayi Amazon ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne ya fara aika sababbin katuna ba tare da ya jira matattun sun iso gare shi ba, a lokacin da kowane 3090 da ya fito daga masana'anta yana da mai jiransa da kuɗi a hannu. Matattun kuma ya tattara su don bincike.

Kafin sakamakon ya fito, masu sharhi sun cike giɓin da hasashe. Wanda ya fi karɓuwa ya fito daga shafin Igor's Lab na Jamus, cewa ƙaramar na'urar da ke sarrafa fanka ce take rikicewa har ta ƙone. Hasashen yana da madogara: manhajojin duba lafiyar kati irin su GPU-Z da HWiNFO suna nuna wa wasu masu FTW3 gudun fanka na hauka, lambobin da ba fankar da za ta iya kaiwa. Makonni aka yi ana maimaita wannan bayani kamar an gama shari'a.

A farkon Satumba EVGA ya ba mujallar PCWorld nasa sakamakon. Katunan da suka dawo masa kimanin 24 ne, duk RTX 3090, duk daga zubin farko na 2020. Da aka ɗauke su hoton eksire sai aka ga liƙin dalma a kewayen MOSFET, ƙananan makunnan da ke ba ƙwaƙwalwar wuta, bai yi kyau ba, kuma kamfanin da kansa ya kira shi rashin ingancin aiki. Game da fanka ya ce ba ita ba ce. Hayaniyar lantarki ce take sa manhajojin waje su karanta lamba ba daidai ba, ya kuma fitar da gyara don haka. Ya ce zubin da abin ya shafa bai kai kashi 1 cikin 100 na katunan da ya sayar ba. Jimillar da ya sayar kuwa ya ƙi faɗa.

A nan ya kamata a duba fanel ɗin da kyau, don in ba a ga wurin ba maganar dalma za ta yi kama da uzuri.

Wutar da ke shiga kati ƙarfin bolt 12 ce, a FTW3 ta filogi uku masu ƙafa takwas-takwas da kuma ramin da aka soka katin. Ƙwaƙwalwar kuwa kusan bolt 1 take so. Tunda katin yana cin wat 350 ko fiye, rage ƙarfin zuwa bolt 1 yana nufin kwararar wutar ta haura amfiya 200. Ba ƙaramar na'ura ɗaya da za ta ɗauki wannan, sai aka raba aikin ga jerin matakai da ke layi a gefen ƙwaƙwalwar. Kowane mataki yana da MOSFET, wato makunnin lantarki da ke buɗewa yana rufewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, da naɗin waya da kafasito masu daidaita abin da ya fito. Kowane MOSFET bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ƙafafunsa a ƙarƙashinsa suke, kwance a kan fanel, kuma ta nan wuta take bi, ta nan kuma yawancin zafinsa yake tsiyaya zuwa tagullar fanel.

A masana'anta ana shafa dalma mai kama da man goge haƙori ta cikin wani faifan ƙarfe mai huda-huda, inji ya ɗora kayan a kai, fanel ya bi ta cikin tanda mai zafi sama da digiri 230, dalmar ta narke ta kama. Idan an shafa kaɗan, ko zafin tandar bai daidaita ba, ko iska ta maƙale ta bar kumfa a ciki, liƙin zai kama amma da rauni. Ido ba zai gani ba tunda yana ƙarƙashin kayan, shi ya sa sai eksire. Gwajin ƙarshe na masana'anta ma zai wuce shi, domin katin yana kunnuwa, yana zana hoto, lambobinsa daidai. Raunin sai a hankali yake bayyana. Kullum kati ya yi zafi ƙarfe ya buɗe, ya huce ya tsuke, tsagar da ke cikin liƙin tana ƙaruwa, wurin da wuta za ta bi yana ƙanƙancewa, zafi yana taruwa a ɗigo ɗaya. Sai ranar da aka sami aikin da ke fizgar wuta yana saki cikin sauri, irin menu marar linzami, MOSFET ɗin ya narke, ya bar wuta tana wucewa ba tsayawa. Daga nan bolt 12 ta sami hanyar da ba tata ba, fis ɗin da ke kan fanel ya tsinke ko na'urar ba da wuta ta katse, sikirin ya ɗauke.

Wannan ciwo tsoho ne a sana'ar. A Yulin 2008 Nvidia ya sanar da masu hannun jarinsa cewa zai ware dala miliyan 150 zuwa 200 saboda ƙwaƙwalen hoto na kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke mutuwa, su ma daga liƙin da zafi da sanyi suka gajiyar. Kayan Dell da HP da Apple duk abin ya taɓa.

Bayanin EVGA ke nan ya dace da yadda kayan suke aiki. Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Wanda ake tuhuma shi ne ya tattara shaidu, shi ya yi bincike, shi ya yanke hukunci, shi ya zaɓi lambar da zai faɗa da wadda zai ɓoye. In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Katuna 24 su ne waɗanda suka dawo a wannan taƙin, ba su ne duk masu raunin liƙi ba, domin mai kati daga zubi ɗaya da bai taɓa New World ba yana nan da nasa. Ba a yi kiranye ba, ba a fitar da jerin lambobin zubin don kowa ya duba nasa ba. Kuma bayan wasan ya fito sosai ranar 28 ga Satumba, har masu buga shi a lokaci guda a dandalin wasanni na Steam suka haura 900,000, an sake jin rahoton mutuwar katuna, ciki har da na Gigabyte, waɗanda dalmar EVGA ba ta shafe su ba. Amazon ya maimaita cewa bai ga wani baƙon hali daga wasan ba. Tambayar ko manyan katunan jerin RTX 30 gaba ɗaya suna fizgar wuta fiye da yadda aka shirya musu ta ci gaba da yawo, kuma ba banza ba: ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta wajabta wa na'urorin ba da wuta su jure irin wannan fizga ta ɗan ƙiftawar ido.

Me ya sa aka yafe

Ga kamfanin da ya sayar da kaya mai tsada da aibin masana'anta, ya yi shiru kan adadin, amma masu sayensa suka tsaya masa. A ganina dalilin farko shi ne mai saye ba ya iya ganin yawan lalacewa. Kamfanoni suna da lambobin, ba sa fitarwa. Kaɗan daga cikin 'yan kasuwa ne ke wallafa nasu, irin su Puget Systems a Amurka da Digitec Galaxus a Suwizalan, su ma abin da ya bi ta hannunsu kawai suke ƙirgawa. Mutum ɗaya kuwa a rayuwarsa katuna nawa zai saya? Biyar, ko shida. Idan guda ya mutu masa sai ya rantse ba shi ba wannan kamfani har abada, idan biyu suka yi masa lafiya ya zama mai wa'azinsa. Duka biyun hukunci ne a kan abin da bai isa hujja ba. Ƙorafin intanet ma ba ya auna komai, tunda wanda katinsa ke aiki ba ya zuwa ya rubuta cewa yau ma lafiya, sannan kamfanin da ya fi sayarwa dole ya fi yawan matattu ko da ingancinsa ɗaya da na saura. A lokacin EVGA yana cikin waɗanda suka fi sayar da katunan Nvidia a Arewacin Amurka, inda yawancin masu ƙorafin suke.

Abin da mai saye yake iya gani da idonsa shi ne halin kamfani ranar da abu ya ɓaci. Wannan a fili yake, ana iya ba da labarinsa, ana iya kwatanta shi da na wani. Kuma a nan EVGA ya daɗe yana tara jari.

A ƙarshen 2016 an gano cewa ɓangaren ba da wuta na katunansa GTX 1080 da 1070 yana zafi fiye da kima. Ya aika wa masu su kushin ɗaukar zafi kyauta, ya fitar da gyaran da ke ƙara gudun fanka, wanda ba zai iya buɗe katinsa ba aka ce ya aiko. A 2017 ya fito da tsarin iCX mai ƙarin ma'aunan zafi tara a kan fanel, ya mayar da abin kunyar ya zama abin talla. A Satumbar 2020, da katunan RTX 3080 na kamfanoni da yawa suke faɗuwa a tsakiyar wasa ana zargin kafasiton bayan ƙwaƙwalwa, EVGA ya fito ya ce shi ma zanensa na farko ya faɗi gwaji, shi ya sa ya jinkirta FTW3 ya sauya haɗin, kafin Nvidia ya kwantar da rigimar da sabon direba. A lokacin ƙarancin kati ya buɗe layi a shafinsa: ka sa sunanka, in ya zo kanka a aiko maka saƙo ka saya a farashin kamfani. Mutane sun yi watanni suna jira, amma sun san ba da injin saye suke tsere ba. A lokacin garantinsa na shekara 3 yana bin katin ko an sayar wa wani, kuma cire fanka don sauya man zafi ba ya kashe shi muddin ba ka lalata komai ba.

Duba jerin nan da kyau za ka ga kusan rabinsa tarihin kurakurai ne. Sau uku cikin shekara biyar sunan EVGA yana fitowa a maganar ɓangaren wuta. Wani kamfanin da wannan tarihi sai a ce ba ya iya fanel. Shi kuwa kowane kuskure ya zama wata dama ta nuna hali, har masu saye suka daina jin labarin a matsayin kati ya mutu, suka koma jin sa a matsayin an musanya cikin mako.

Ba zan ce sun yi wauta ba. Duk masana'antar da ke liƙa dubban ɗigon dalma a kan fanel ɗaya, sau dubu ɗaruruwa, wata rana za ta yi kuskure. Tunda ba ka da hanyar sanin wa ya fi yin sa, sayen wanda ka san zai ɗauki waya in ka kira shi dabara ce mai kyau. Inda hukuncin ya gaza shi ne ya haɗe abu biyu da ba ɗaya ba, ingancin ƙira da kyawun mu'amala, har kyawun mu'amalar ya hana a matsa wa kamfani da tambayoyin da ya kamata: zubin nan kati nawa ne, ta yaya ya wuce bincike, me aka sauya a masana'antar.

Kwatanci da abin da ya biyo baya yana nuna nauyin kalmar farko da kamfani ya furta. A Disambar 2022 masu Radeon RX 7900 XTX ƙirar AMD, abokin hamayyar Nvidia, suka ga zafin wani ɗigo a ƙwaƙwalwar yana kaiwa digiri 110 har kati ya rage gudu. Amsar da wasu suka fara samu ita ce wannan yana cikin ƙa'ida. Sai da mai gwajin nan na Jamus, der8auer, ya nuna cewa ɗakin tururin da ke sanyaya katin ne ke da matsala, sannan a Janairun 2023 AMD ya yarda cewa wani zubi bai sami isasshen ruwa a ciki ba. An musanya katunan, amma abin da ya zauna a zukata shi ne amsar farko. Haka da filogin RTX 4090 ya fara narkewa a Oktoban 2022. Bayan makonni Nvidia ya ce ya san da kimanin 50 a duniya, kuma abin da ya fi gani shi ne ba a tura filogin ya shige sosai ba. Gwajin tashar YouTube ta Gamers Nexus ya goyi bayan haka, Nvidia ya yi alkawarin musanyawa, duk da haka mutane suka ji kamar an ce laifinsu ne, musamman da aka zo aka sake zanen filogin a 2023. A Fabrairun 2025 kuma aka gano RTX 5090 mai ɓangarorin zane 168 maimakon 176. A katin Zotac aka fara gani, sai zargi ya fara tafiya can, kafin a same shi a katunan wasu kamfanoni, Nvidia ya ce daga ƙwaƙwalwar ne kuma bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Sunan da ya fara bayyana kusa da matsala shi yake fara ɗaukar ta, kamar yadda ya faru da New World.

Kuɗin hali nagari

Aika kati kafin matacce ya dawo, ajiye kaya don musanya a lokacin da kasuwa ke roƙo, ɗaukar ma'aikatan da za su amsa waya, duk kuɗi ne, kuma daga ribar mai haɗa fanel suke fita, ba daga ta mai ƙwaƙwalwa ba. Ribar Nvidia kafin cire kuɗin gudanarwa ta haura kashi 60 cikin 100 a waɗannan shekarun. Ta masu haɗa kati, a ƙiyasin mai nazarin kasuwa Jon Peddie, ta faɗo ƙasa da kashi 10.

Ranar 16 ga Satumbar 2022, wata 14 bayan rigimar New World, kwana ɗaya bayan Ethereum ya daina amfani da haƙa, kwana huɗu kafin a sanar da zubin RTX 40, labari ya fito ta tashoshin Gamers Nexus da JayzTwoCents cewa EVGA ya raba gari da Nvidia kuma ya bar sana'ar katin hoto gaba ɗaya. Ba zai koma wa AMD ko Intel ba. Kamfanin da aka kafa a 1999, mai hedikwata a Brea ta jihar Kalifoniya, a lokacin yana samun kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarsa ne daga katunan. Shugabansa Andrew Han bai ambaci garanti ko dalma a dalilansa ba. Kukansa shi ne rashin mutuntawa: ba a gaya musu farashi sai ranar da aka gaya wa duniya, ana yanka musu iyakar abin da za su sayar, sannan Nvidia yana sayar da nasa katin Founders Edition a farashin da ba za su iya bi ba, har manyan katunan suka koma ana sayar da su da asara. Shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce Han ya daɗe yana son rufe wannan ɓangaren, kuma kasuwa tana da sauran 'yan wasa.

Masu sayen da suka zaɓi EVGA saboda halinsa, har suka kawar da kai daga tarihin fanel ɗinsa, alkawari suka saya, kuma ƙarfin alkawarin yana rataye ne da zaman kamfanin a kasuwa. EVGA ya ce zai ci gaba da cika garanti, ya kuma ware wani kaso na katunan RTX 30 da suka rage masa don musanya. Akwai waɗanda suka biya ƙarin kuɗi suka tsawaita garantinsu zuwa shekara 5 ko fiye. Abin da za a musanya musu da shi daga wannan ajiyar zai fito, kuma tun da aka rufe layin ba a ƙara ƙera ko guda an zuba a cikinta ba.